Wa Ke Sa Ido Kan Zaɓe a Gundumomin Amurka? Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda zaɓen Amurka ya ƙarato sai waɗannan tambayoyi su dawo, daga masu bin labarai ta rediyo a gida, da kuma 'yan uwa mazauna can da suka zama 'yan ƙasa za su jefa ƙuri'a karon farko. Gunduma a nan ita ce abin da Amurkawa ke kira kawunti, wato yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha.

1. Shin Amurka tana da hukumar zaɓe ta ƙasa irin INEC ko CENI?

Ba ta da ita. Tsarin mulkin ƙasar, a Sashe na 1, sakin layi na 4, ya bar wa majalisun jihohi su tsara lokaci da wuri da yadda za a zaɓi 'yan majalisar tarayya, sai dai ya ba majalisar tarayya damar gyara abin da suka tsara. Jihohin kuma suka miƙa ainihin aikin ga gundumomi da garuruwa. Gundumomin sun haura 3,100, kuma idan aka haɗa da garuruwan da ke gudanar da nasu zaɓen da kansu, ofisoshin zaɓe a ƙasar sun haura 8,000. Shugaban ƙasa da ɗan majalisar dattawa da shugaban 'yan sandan gunduma, duk a takarda ɗaya ake zaɓensu, kuma gunduma ce ta buga takardar.

A Najeriya jami'in zaɓe na kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ma'aikacin INEC ne, Abuja yake bi, ba ciyaman ba. A Amurka babu wannan igiyar. Akwai hukumomin tarayya biyu da sunansu kan ruɗi mutane: FEC, wadda aikinta bin diddigin kuɗin yaƙin neman zaɓe ne kawai, da EAC, wadda aka kafa da dokar 2002, tana ba da shawara da gwada na'urori. Babu wadda ke ƙirga ƙuri'a ko bayyana sakamako a cikinsu.

2. To wane ne ke gudanar da zaɓen a gunduma?

Ya danganta da jihar da kake. A wurare da yawa magatakardan gunduma ne, wanda shi ma jama'a suka zaɓa a ƙarƙashin tutar jam'iyya, kuma bayan zaɓe shi ne dai mai ba da takardar aure da ajiye takardun filaye. A Filorida kowace gunduma cikin 67 tana da mai kula da zaɓe wanda ba shi da wani aiki sai wannan. A Los Angeles, inda masu rajista suka haura miliyan 5, majalisar gunduma ce ke naɗa jami'in, ita ce kuma ke iya sallamarsa. A Ohayo kowace gunduma cikin 88 tana da kwamiti mai mutum huɗu, biyu 'yan Dimokurat biyu 'yan Rifablikan, idan suka yi kunnen doki sai Sakataren Jiha, wato babban jami'in zaɓen jihar, ya raba gardama. Birnin New York yana da kwamishinoni goma, biyu daga kowane yanki cikin biyar, har da Bronx inda Hausawan Ghana da Nijar ke da yawa. Jam'iyyu ne ke gabatar da sunayensu, majalisar birni ta amince.

Wasu jihohin ma gunduma ba ta da babban hannu. A Wisconsin magatakardan garuruwa wajen 1,850 ne ke riƙe da aikin, haka Mishigan da jihohin arewa maso gabas. Saboda haka kafin ka kai ƙorafi, fara sanin ofishin da ke riƙe da abin a inda kake (duba tambaya ta 13).

3. Mene ne ikon majalisar gunduma a kan zaɓe?

Majalisar gunduma ƙarama ce, galibi mutum uku zuwa bakwai. Wasu jihohin na kiransu kwamishinoni, wasu masu sa ido. A Teksas alƙalin gunduma ne ke jagorantar kwamishinoni huɗu, kodayake ba shari'a yake yi a wannan zaman ba. Ikonsu na farko shi ne jaka: su ke amincewa da kasafin ofishin zaɓe, da albashin ma'aikata, da kwangilar sayen na'urori. A jihohi da dama su ke shata iyakokin mazaɓu, su amince da wuraren da za a kafa rumfuna, su naɗa ma'aikatan ranar zaɓe, sannan bayan zaɓe su zauna su tabbatar da sakamako.

Gundumar Maricopa ta jihar Arizona, inda birnin Phoenix yake, ta nuna yadda rabon aiki kan zama. Jami'in rajista, wanda zaɓaɓɓe ne, shi ke riƙe da kundin masu zaɓe da ƙuri'un da ake aikowa ta gidan waya. Majalisa mai mutum biyar ita ke da rumfunan ranar zaɓe da ƙirga. Kowane ɓangare yana da nasa ƙuri'un da suka kawo shi, don haka babu mai iya korar wani. A 2025 jami'in rajistar ya maka majalisar a kotu kan wa ke da wane aiki, alhali shi da mafi yawansu 'yan jam'iyya ɗaya ne.

4. Ba a tsoron 'yan siyasa su yi alƙalanci a zaɓen da su ma suke takara?

Ana tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A 2018 Brian Kemp yana Sakataren Jihar Jojiya, babban jami'in zaɓen jihar, yana kuma takarar gwamna da Stacey Abrams. A 2022 Katie Hobbs ta yi irin haka a Arizona. Ɗaya ɗan Rifablikan, ɗaya 'yar Dimokurat, dukansu kuma sun ci. A ra'ayina wannan tabo ne a tsarin, ko da babu wanda ya taɓa ƙuri'a ɗaya, domin wanda ya faɗi ba ya rasa abin nunawa da yatsa.

Abin da ke rage ɓarnar shi ne aikin ya watsu a hannaye da yawa. Sakataren Jiha ba ya ƙirga ƙuri'a. 'Yan majalisar gunduma ba sa taɓa takardun da hannunsu. A ɗakin ƙirga, dokokin jihohi da yawa sun wajabta mutum biyu daga jam'iyyu daban-daban su yi aiki tare, ko akwati za a ɗauka ko takardar da ta lalace za a kwafe. Mai son murɗe zaɓen jiha guda sai ya haɗa baki da ɗaruruwan mutanen da ba sa ga maciji da juna.

5. Majalisar gunduma tana iya ƙin sa hannu a sakamako idan ba ta gamsu ba?

An gwada, ba a kai labari ba. A ranar 17 ga Nuwamba 2020, kwamitin tantance sakamako na gundumar Wayne a Mishigan, inda Detroit take, ya rabu biyu da biyu. 'Yan Rifablikan biyun suka ce adadin waɗanda suka sa hannu a littafin rumfa bai yi daidai da adadin ƙuri'u ba a wasu mazaɓu. Jama'a suka yi ta caccakarsu a zaman da ake yi ta intanet, kafin dare ya raba suka sauya, aka tabbatar. Bayan shekara biyu masu zaɓe a Mishigan suka gyara tsarin mulkin jihar, aka rubuta ƙarara cewa sa hannun wajibi ne.

A watan Yuni 2022 kwamishinoni uku na gundumar Otero a New Mexico suka ƙi tabbatar da zaɓen fidda gwani, wai ba su yarda da na'urorin kamfanin Dominion ba. Kotun ƙolin jihar ta ba su umarni, biyu suka bi. Na ukun, Couy Griffin, ya tsaya a kan bakansa, ya kuma faɗa da kansa cewa ba shi da wata hujja, jikinsa ne kawai ya ba shi. A ƙarshen shekarar sai ga gundumar Cochise a Arizona: 'yan majalisa biyu suka bar wa'adin 28 ga Nuwamba ya wuce. Abin dariyar, gundumar ta 'yan Rifablikan ce, kuma da an zubar da ƙuri'unta wajen 47,000, ɗan takararsu na majalisar wakilai ne zai iya rasa kujerar da ya ci. Alƙali ya umarce su, aka sa hannu ranar 1 ga Disamba. Bayan shekara guda aka gurfanar da su biyun, ɗaya daga cikinsu, Peggy Judd, ta amsa ƙaramin laifi a 2024.

Dalilin da kotuna ke bayarwa ɗaya ne. Aikin majalisa a wannan zaman shi ne ta ga lissafi ya haɗu, ta miƙa. Wanda ke zargin maguɗi yana da ƙofofinsa: neman sake ƙirga, ko shigar da ƙara, kuma a jihohi da yawa waɗannan ƙofofin ba sa buɗewa sai an tabbatar da sakamakon tukuna. Wanda ya riƙe sa hannu, masu ƙorafin ma ya riƙe.

6. Me ake yi tsakanin daren zaɓe da ranar sa hannun? Me ya sa ake daɗewa?

Alƙaluman da ake gani a talabijin daren zaɓe ba na hukuma ba ne, kuma idan kamfanin dillancin labarai na AP ya ce wane ya ci, hasashensa ne. A ofishin gunduma aiki lokacin ya fara. Ma'aikaciya za ta ɗauki ambulan ɗin ƙuri'ar da ta zo ta gidan waya, ta gwada sa hannun da ke bayanta da wanda ke cikin kwamfuta. Idan sun yi kama, a zare takardar daga ambulan a ware su, ta yadda ba wanda zai san wa mutumin ya zaɓa. Idan ba su yi kama ba, a jihohi da yawa sai a nemi mai ita ya zo ya gyara cikin 'yan kwanaki. Sannan ga ƙuri'un sojoji da mazauna ƙetare, ga ƙuri'un jiran tantancewa (tambaya ta 13), ga haɗa lissafin kowace rumfa: mutum nawa suka sa hannu, takarda nawa aka jefa, nawa suka lalace, nawa suka rage.

Saurin kuma dokar jiha ce ke yanke shi. Filorida tana barin gundumomi su fara buɗe ambulan makonni kafin zaɓe, shi ya sa sakamakonta ke fita da wuri. Pennsylvania da Wisconsin sun hana a taɓa su sai ranar zaɓe. A zaɓen 2024 Kalifoniya tana karɓar ƙuri'ar da ke ɗauke da hatimin gidan waya na ranar zaɓe ko da ta iso bayan kwana 7. Galibin masu zagin gunduma kan jinkiri, majalisar dokokin jiha ya kamata su tambaya.

7. Jiha tana iya ƙwace aikin daga hannun gunduma?

Tana iya, domin gunduma ikon da jiha ta ba ta kawai take da shi. A Filorida gwamna yana iya dakatar da zaɓaɓɓen mai kula da zaɓe: Rick Scott ya dakatar da ta Broward a 2018, Ron DeSantis ya dakatar da ta Palm Beach a farkon 2019. Jojiya ta yi doka a 2021 da ta ba hukumar zaɓen jiha ikon dakatar da kwamitin gunduma ta naɗa mai riƙon ƙwarya. Nan take aka buɗe bincike kan Fulton, inda Atlanta take, aka yi kusan shekara biyu, a 2023 aka ce ba sai an ƙwace ba. Teksas ba ta tsaya bincike ba. Bayan ƙarancin takardu a wasu rumfunan gundumar Harris a 2022, majalisar jihar ta soke ofishin mai gudanar da zaɓe a duk gundumar da mutanenta suka haura miliyan 3.5. Cikin gundumomi 254 na jihar, Harris ce kaɗai ta kai haka.

Masu sukar waɗannan matakai suna cewa jihohin 'yan Rifablikan ne ke matsa wa manyan biranen 'yan Dimokurat. Amma sandar tana dukan ɗaya ɓangaren ma. A 2023 majalisar gundumar Shasta a Kalifoniya ta soke kwangilar na'urorinta da niyyar komawa ƙirga da hannu, sai majalisar jihar, wadda 'yan Dimokurat ke da rinjaye, ta yi dokar da ta hana haka sai a ƙananan zaɓuka.

8. Gwamnatin tarayya fa, ba ta da ta cewa?

Tana da, ta hanyar dokoki da kotu. Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 ta haramta nuna bambancin launin fata, kuma a da ta wajabta wa wasu jihohi da gundumomi, mafi yawa a kudu, su nemi izinin Washington kafin su sauya ko da wurin rumfa guda. Gundumar Shelby ta jihar Alabama ce ta kai ƙara, a 2013 Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake amfani da shi wajen zaɓo waɗanda za su nemi izinin, neman izini ya tsaya. Dokar 1993 ta tsara yadda ake rajista da yadda ake cire suna. Dokar 2002 ta biyo bayan rikicin Filorida na 2000 (tambaya ta 11), ta kawo kuɗin sauya tsofaffin na'urori da kundin masu zaɓe guda ɗaya na kowace jiha. Akwai kuma dokar da ta wajabta ajiye takardun zaɓen tarayya har wata 22. Ma'aikatar Shari'a kan tura masu sa ido wasu gundumomi, tana kuma iya kai gunduma kotu, amma ba ta da ikon zama ta ƙirga mata.

9. Daga ina kuɗin zaɓen ke fitowa?

Mafi yawa daga asusun gunduma, wato harajin gidaje da filaye da na cinikayya. Ofishin zaɓe yana layi ɗaya da masu neman kuɗin hanya da gidan yari da motar kashe gobara. Kuɗin tarayya ba shi da tsayayyen lokaci: dala miliyan 380 a 2018, dala miliyan 400 a 2020 saboda annobar korona, wasu shekarun kaɗan ƙwarai. A 2020 Mark Zuckerberg, mai Facebook, da matarsa suka ba da wajen dala miliyan 350 ta hannun wata ƙungiya aka raba wa ofisoshin zaɓe. Abin ya tada ƙura, jihohi fiye da 20 suka haramta karɓar kuɗin masu zaman kansu.

A nan nake ganin ainihin ƙarfin majalisar gunduma yake. Rigimar sa hannu ce ke shiga labarai, amma zaman kasafi na ranar Talata da rana, wanda kujerun 'yan kallo ke zama wayam, shi ke yanke ko unguwarku za ta sami na'ura huɗu ko goma sha biyu, ko za ka yi minti goma a layi ko awa uku.

10. Wa ke da ikon rufe rumfar zaɓe ko mayar da ita nesa?

Majalisar gunduma ko kwamitin zaɓenta, bisa sharuɗɗan jiha, kuma dole a yi shi a buɗaɗɗen zama bayan sanarwa. A 2018 aka kawo shawarar rufe rumfuna 7 cikin 9 na gundumar Randolph a Jojiya, yankin karkara da baƙar fata suka fi yawa, da hujjar cewa gine-ginen ba su dace da masu buƙata ta musamman ba. Kafin hukuncin 2013 (tambaya ta 8) sai an nemi izinin tarayya. Wannan karon mutanen gari ne suka cika ɗakin taro, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi barazanar ƙara, kwamitin ya yi watsi da shawarar.

11. Idan jami'in zaɓen ne da kansa ya yi ba daidai ba fa?

Ana bambanta kuskure da laifi. A 2000 mai kula da zaɓen Palm Beach ta tsara takardar ƙuri'a mai shafi biyu da ramukan hudawa a tsakiya, don a ƙara girman rubutu saboda tsofaffi. Dubban mutane suka rikice, a zaɓen da George Bush ya ci jihar da ƙuri'a 537 kacal. Ba a gurfanar da ita ba, masu zaɓe ne suka kayar da ita a 2004. A 2021 hukumar zaɓen birnin New York ta manta ƙuri'un gwaji wajen 135,000 a cikin na'ura ta fitar da alƙaluma da su, ta janye a ranar ta nemi afuwa.

Tina Peters, magatakardar gundumar Mesa a Kolorado, nata daban ne. Ta shigar da wani bare da katin shaidar wani mutum aka kwafi bayanan na'urar zaɓe, daga baya suka bayyana a intanet. Kotu ta cire ta daga kula da zaɓe, aka same ta da laifi a 2024, aka yanke mata shekara 9. Mai gabatar da ƙarar ɗan jam'iyyarta ne.

12. Ina da katin zama na dindindin amma ban zama ɗan ƙasa ba. Me zan iya yi, me ba zan iya ba?

Ba za ka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ko na jiha ba, kada ma ka yi rajista. Laifi ne da ke iya kaiwa ga ɗauri da kora daga ƙasar, kuma yana ɓata neman zama ɗan ƙasa. A kula musamman a ofishin lasin tuƙi, inda akan miƙo fom ɗin rajista tare da sauran takardu. Idan ba ka gane abin da ake so ka sa wa hannu ba, tambaya. 'Yan tsirarun garuruwa, kamar Takoma Park a Maryland, suna barin baƙi su zaɓi 'yan majalisar gari kawai. Birnin New York ya yi irin wannan doka, kotun ƙolin jihar ta soke ta a 2025.

Zaman majalisar gunduma kuwa a buɗe yake ga kowa, akan kuma ba mai magana minti biyu ko uku. Gwajin na'urori da ake yi kafin kowane zaɓe shi ma galibi a bainar jama'a ne. Aikin rumfa, wanda ake biya, yawanci sai mai rajista, wakilcin jam'iyya kuma sai jam'iyyar ta ba ka takarda.

13. Na je rumfa an ce sunana ba ya cikin littafi, ko Turanci ya yi mini wuya. Yaya zan yi?

Kada ka juya gida. Fara tabbatar da cewa rumfarka ce, sannan ka nemi ƙuri'ar jiran tantancewa, wadda dokar 2002 ta tanada a kusan dukkan jihohi. Za a sa ta a ambulan daban, ofishin gunduma ya duba cancantarka bayan zaɓe, a kuma ba ka hanyar da za ka bincika ko an ƙirga ta. Idan shaida aka ce ka kawo, kwanakin kaɗan ne, kada ka yi sanya. Ƙorafi yana farawa daga shugaban rumfar, sai ofishin zaɓen gunduma, sai Sakataren Jiha ko hukumar zaɓen jiha. Idan wariya ce ko tsoratarwa, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya tana karɓa.

Batun harshe, dokar tarayya ta wajabta fassara ne ga masu Sifaniyanci da harsunan Asiya da na 'yan asalin ƙasar, inda waɗanda ba su iya Turanci sosai ba a cikinsu suka haura 10,000 ko kashi 5 cikin ɗari na 'yan ƙasa da suka isa zaɓe. Hausa ba ta ciki, haka sauran harsunan Afirka. Birnin New York kan ajiye tafintocin Faransanci da Larabci a wasu rumfuna, bisa raɗin kansa. Amma Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 ta ba wanda ba ya iya karanta takardar, ko makaho, ko mai wata lalura, damar shiga da mataimakin da ya zaɓa, ɗansa ne ko maƙwabcinsa, in dai ba ubangidansa na wurin aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa. A wasu jihohin mataimakin zai cike ɗan gajeren fom ya sa hannu kafin ku shiga tare.